Neman binciken sikila a intanet: yadda muka bi daga Zariya har ɗakin awo

Tun da labari ya bazu cewa mun kai yaronmu Kano wajen masu bincike, duk ranar da muka je ganin likita sai iyaye su tare ni a layi da tambayoyi iri ɗaya: ta ina ka bi, nawa ka biya, wa ka sani a can? Amsar ta fi ƙarfin hirar kan benci, ga nas tana kiran kati. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin daki-daki yadda ya faru, ko Allah zai sa wani ya huta da kai-kawon da na yi. Ni malamin sakandare ne, ina zaune a Tudun Wadan Zariya. Yaron shekararsa tara, SS ne, wato yana da sikila, kuma tun yana goye muke jigilar asibiti da shi.

Mafarin abin wani saƙo ne da aka turo zauren WhatsApp na iyayen masu sikila. Wai wasu likitoci daga Amurka suna neman yaran Najeriya domin gwajin maganin da ke raba mutum da ciwon har abada, a cike fom, a tura naira dubu ashirin da biyar kuɗin rajista, gurbi kaɗan ya rage. Ba na yi wa waɗanda suka tura kuɗin dariya. Wanda bai taɓa kwana a tsaye da yaro yana ihun ciwon ƙashi ba, ba zai gane abin da ke sa uwa ta sayar da ɗankunnenta kan saƙon waya ba. Sannan ƙaryar da gaskiya aka jingina ta. A ƙarshen 2023 hukumomin Ingila da na Amurka sun amince da wani magani mai suna Casgevy, wanda ake gyara ƙwayoyin halittar jinin majiyyaci da shi, kuma kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan 2. Labarin ya zaga ko'ina, to in aka ce maka da dubu ashirin da biyar za ka samu shiga, dole zuciya ta motsa.

Maman yara ce ta nuna mini saƙon, na ce ta dakata tukuna. Washegari bayan an tashi daga makaranta na nufi Samaru wajen ƙanenta, wanda ke karatun harhaɗa magunguna a ABU. Ya karanta, ya miƙo mini wayar, ya ce, "Yaya, duk gwajin magani na gaskiya yana da lambar rajista. Ka ce su turo lambar." Ya yi mini bayani cewa tun 2005 manyan mujallun likitanci na duniya suka daina buga sakamakon gwajin da ba a yi masa rajista a bainar jama'a ba kafin a fara ɗaukar mutane, don haka babu mai bincike na ƙwarai da zai ɓoye lambarsa. Na tambaya a zauren. Wanda ya turo saƙon ya ce shi ma turo masa aka yi. Lambar wayar da ke jikin fom ɗin kuwa, da na kira, maganar asusun banki kawai ake yi mini. Nan na bar wannan. Amma tambayar ta riga ta zauna mini a rai: to na gaskiyar fa, akwai su a kusa da mu?

A kwamfutarsa muka fara, domin shafukan suna buɗewa a waya amma rubutun ƙanana ne kuma dogaye. Na farko shi ne ClinicalTrials.gov, na Ɗakin Karatun Likitanci na gwamnatin Amurka, wanda aka buɗe a shekarar 2000. Bincike sama da 500,000 ke cikinsa daga ƙasashen duniya, ba na Amurka kaɗai ba. Ba a biyan ko kwabo, ba a buƙatar buɗe asusu. A fuskar farko akwai gurbin rubuta sunan ciwo da gurbin rubuta wuri. Komai da Turanci ne, babu Hausa ko kaɗan, saboda haka sickle cell muka rubuta a gurbin ciwo, Nigeria a gurbin wuri. Jeri ya fito, kowane bincike da lambarsa mai farawa da NCT sai alƙaluma takwas. Murna ta kama ni, na ɗauka duk waɗannan ƙofofi ne a buɗe. Ƙanen ya ce in duba kalmar da ke saman kowanne. Completed na nufin an gama. Recruiting shi ne wanda ake kan ɗaukar mutane. Akwai kuma Unknown status, wato masu binciken sun daɗe ba su sabunta bayanin ba, shafin ma bai san inda aka kwana ba. Da muka tace muka bar waɗanda ake ɗauka kawai, jerin ya tsuke ƙwarai. Da muka sauya wuri muka sa Zaria, ya ƙara tsukewa. Daga baya na fahimci gara a bar shi a kan Nigeria a bi ɗaya bayan ɗaya, ana sauka ƙasa inda aka jera asibitocin da abin ya shafa, domin wani binciken hedikwatarsa na Ibadan ko Abuja amma yana da reshe a Arewa.

Akwai gargaɗi a shafin da mutane ke tsallakewa, ni ma sai da aka nuna mini: gwamnatin Amurka ta rubuta cewa ba ita ke tantance ingancin kowane bincike da aka jera ba, masu binciken ne ke shigar da bayanansu da kansu. Wato samun lamba sharaɗi ne na farko, ba shi ne na ƙarshe ba.

Na biyu shi ne rajistar Afirka, PACTR, wadda Hukumar Binciken Lafiya ta Afirka ta Kudu ke riƙe da ita a Cape Town, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun 2009. Shafin bai kai na Amurka kyan gani ba, amma ni ya fi yi mini amfani ta wata fuska. Yawancin ƙananan binciken da likitocinmu na gida ke yi a asibitocin koyarwa nan suke sa su. Kuma a cikin kowane bayani akwai sunan kwamitin ɗa'a da ya ba da izini da ranar da ya bayar, da sunan wanda jama'a za su tuntuɓa daban da wanda masana za su tuntuɓa. Lambobinsu da PACTR suke farawa, sai shekara da watan da aka yi rajista, don haka daga lambar ma ka san tsufan binciken. Na uku shi ne shafin nema na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICTRP, wanda ke tattaro abin da ke cikin waɗannan biyun da sauran rajistocin ƙasashe wuri guda. Wanda bai da datar yawo tsakanin shafuka zai iya farawa daga nan.

Wata hanyar da ta ci mini lokaci ita ce ta shafukan da ke cewa ka shigar da bayananka su nemo maka binciken da ya dace da kai. Akwai ResearchMatch, akwai Be Part of Research. Duka biyun na gaskiya ne kuma tsarinsu ya burge ni, sai dai na farkon na mazauna Amurka ne, na biyun na mazauna Birtaniya. Mutumin Zariya babu abin da zai samu a ciki sai sha'awa.

Waɗanda aka gama ma ban yi asarar karanta su ba. A nan na fara ganin wani bincike mai suna SPRING, wanda likitocin Kano da Kaduna suka yi tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, aka buga sakamakonsa a 2022. Yara 220 ne masu sikila, 'yan shekara 5 zuwa 12, waɗanda awo ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Aka raba su biyu, wasu aka ba su maganin haidiroksiyuriya miligiram 10 kan kowane kilo na nauyinsu, wasu 20, kuma ba a ga bambanci a yawan shanyewar jiki tsakanin rukunan biyu ba. Na kuma ga sunan garinmu a wani babban bincike kan shanyewar jikin manya, SIREN, na Najeriya da Ghana, wanda Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika yana cikin cibiyoyinsa, kuma ya nuna hawan jini ne kan gaba a abubuwan da ke jawo ciwon. Shekara da shekaru ina wuce Shika a mota ban san ana irin wannan aiki a ciki ba. Abin da ya fi tsaya mini dai shi ne maganar shanyewar jiki ga yara. Ni a tunanina ciwon tsofaffi ne. Ashe idan ba a ɗauki mataki ba, kusan ɗaya cikin goma na yara masu SS kan gamu da shi kafin su kai shekara ashirin, kuma akwai awon da ke nuna haɗarin tun kafin ya auku. Yarona ba a taɓa yi masa wannan awon ba.

Cikin 'yan kaɗan da suka rage a jerin waɗanda ake kan ɗaukar mutane akwai guda a wani asibiti a Kano da shekarun yaron suka shiga. Ba zan ambaci sunansa ba, domin na ji sun rufe ɗauka, kada in sa wani ya yi asarar kuɗin mota. A nan ne aikin karatu ya fara. Kowane bayani yana da sashen sharuɗɗa kashi biyu, abin da dole a same shi ga mai shiga, da abin da in an same shi ba za a ɗauke shi ba. Na kwafe su a littafi da biro, na gwada manhajar fassara ta dagula mini kalmomin likitanci, sai ƙanen ya bi su da ni layi-layi. Shekaru sun yi. SS ya yi. Ba a yi masa ƙarin jini cikin 'yan watannin baya ba, wannan ma ya yi. Sharaɗi ɗaya ne ba mu da amsarsa, sakamakon awon jijiyoyin kai. Ya kuma koya mini in duba ko binciken na sa ido ne kawai, wanda ake bibiyar mutum ana rubuta abin da ya faru ba tare da an sauya masa magani ba, ko na gwaji ne. In na gwaji ne a duba mataki na nawa. Mataki na 1 mutane kaɗan ne, ana duba ko maganin na cutarwa. Na 3 shi ne wanda ake gwama shi da maganin da aka saba a jikin ɗaruruwa ko dubbai. Na 4 kuwa maganin ya riga ya shiga kasuwa. Wannan da muka gani maganin da aka riga aka sani ne, ba sabon abu ba, kuma hakan ya kwantar mini da hankali.

Na tura imel zuwa adireshin da ke jiki, na bayyana shekarun yaron da garinmu. Shiru. Na sake turawa, shiru. Lambar wayar da aka sa ba ta shiga. Har na fara cewa wannan ma duk kanwar ja ce, sai ranar ganin likitanmu ta zagayo, na tafi da littafina. Likitar ta duba lambar a wayarta, ta ce ta san tawagar, wasunsu tare suka yi horo. Ta ce, "Baban yaro, ba ta imel ake shiga irin wannan ba. Mu ne muke tura yara." Ta rubuta wasiƙa, ta kira wata ma'aikaciyar binciken a gabana, kafin mu fita an ba mu rana. Abin da na yi makonni ina jira a intanet, a ɗan zaman nan ya warware. Ta kuma faɗa mini abin da ban so ji ba amma gaskiya ne: bincike ba magani ba ne, an tsara shi ne don a gano abin da ba a sani ba, yaron zai iya amfana, zai iya kuma rashin amfana, sai na bayansa su amfana.

Saura gida. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, da ta ji an ce bincike kuma Kano, sai ta ajiye carbinta ta ce, "Jikan nawa za ku kai a yi gwaji da shi kamar 'ya'yan Asibitin Zana?" Ban ga laifinta ba, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda ake kira Asibitin Zana. Yara 200 ne, kusan rabi aka ba su sabon maganin, saura wanda aka saba, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta aikata laifi, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Duk ɗan Arewa da ya kai shekarun Inna yana ɗauke da wannan labari, kuma shi ne ya ƙara rura wutar ƙin allurar shan-inna a 2003. Na gaya mata abin da ya sauya. Yanzu akwai Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa, NHREC, da kundin ƙa'idojinsa na 2007, kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ba shi ƙarfin doka. Asibitocin koyarwa suna da nasu kwamitocin da ke duba bincike kafin a fara, gwajin magani kuma sai NAFDAC ta sa hannu. Ta saurara har na gama, ta ce takarda daban, aiki daban. Muka yi yarjejeniya cewa ba zan sa hannu a komai ba sai na kawo takardar gida na karanta mata.

Ranar tafiya muka yi sammako zuwa tashar motar Kwangila, ni da maman da yaron. Kujera naira dubu huɗu a lokacin, muka biya uku domin ba na son a matse shi, kuma muka ɗauki ruwa mai yawa da rigar sanyi, wanda ya san sikila ya san dalili. Takardun da aka ce mu zo da su: katin asibiti, sakamakon gwajin da ya tabbatar da SS, takardar haihuwa, wasiƙar likita, da kwalayen magungunan da yake sha, folik asid da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Ma'aikaciyar ta ƙara da cewa in rubuto ranar ƙarin jininsa na ƙarshe da lokutan da aka kwantar da shi a shekarar. Wannan sai da na koma na nemi a duba mini fayil, domin kai ba ya riƙewa. Duk mai niyya ya fara tara irin waɗannan ranaku a littafi tun yanzu.

Mun isa da hantsi, muka tarar da iyaye a gabanmu, muka zauna har kusan azahar. Jiran ya yi tsawo, amma da aka zo kanmu na gane dalili, domin kowane gida sai an zauna da shi a ɗaki an karanta masa takardar yarda tun daga farko har ƙarshe. An tambaye mu Turanci ko Hausa, muka ce Hausa. Ma'aikaciyar, wadda kowa ke kira Anti, ta karanta manufar binciken, abin da za a yi wa yaron, yawan jinin da za a ɗiba da cokalin shayi aka kwatanta, illolin da maganin kan iya jawowa, sau nawa za a riƙa dawowa, da wanda zai biya in wani abu ya samu yaron sanadin binciken. Ta ce in ya cancanta kwamfuta ce za ta jefa shi rukuni ta hanyar ƙuri'a, ba ita ba, ba likita ba, ba kuma mu ba. Maman ta tambaya ko akwai rukunin da za a ba ƙwayar da babu magani a ciki, aka ce a wannan babu, kuma da akwai dole a rubuta. Sau biyu ta maimaita cewa muna iya fita duk ranar da muka ga dama ba tare da ba da dalili ba, kuma hakan ba zai taɓa kulawar da yaron ke samu a asibiti ba. A shafin ƙarshe akwai lambar izinin kwamitin ɗa'a da lambar wayar sakatarensa, wanda ba ya cikin tawagar, domin kai ƙara. Na gwama lambar rajistar da ke takardar da wadda ke littafina, suka zo ɗaya.

Da na ce ba zan sa hannu a ranar ba sai na kai wa mahaifiyata, na zaci fuska za ta sauya. Anti ta ce, "Malam, haƙƙinka ne, ka tafi da ita." Wannan ya jawo mana kuɗin mota na biyu, kuma ban yi nadama ba. Da dare na karanta wa Inna, ita ajami take karantawa ba boko ba. Ta tsayar da ni a wuri ɗaya, inda aka ce za a iya ajiye ragowar jinin a tura ƙasar waje domin wani bincike nan gaba. Da na duba da kyau sai na ga wannan akwatinsa daban, ana iya yarda da binciken a ƙi wannan. Haka kuwa muka yi. Da muka koma muka sa hannu ni da maman, aka ba mu kwafi, sannan aka juya ga yaron aka yi masa bayani daidai hankalinsa aka tambaye shi ko ya yarda. Ya tambaya ko akwai allura, aka ce akwai ta ɗibar jini, ya yi shiru ya ce to. Wata baiwar Allah da ke gabanmu ba ta rubutu, dangwale ta yi, aka kira shaida wanda ba ma'aikacin binciken ba ya sa hannu.

Sai tantancewa. Aka auna tsawo da nauyi da zafin jiki, domin an ce in yana zazzaɓi a ɗage awon. Aka ɗibi jini. Sannan awon kai, wanda likitoci ke kira TCD. Yaro na kwance ido biyu, a shafa masa wani ruwa mai kauri a gefen kai gaban kunne, a ɗora kan na'ura, sai a ji ƙarar gudun jini tana fita fuu, fuu. Babu zafi, wahalarsa kawai a hana yaro motsi na kusan rabin awa. Na'urar na auna saurin jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, domin inda jijiya ta tsuke nan jini ke ƙara gudu. Ƙasa da santimita 170 a daƙiƙa lafiya lau ne, 170 zuwa 199 a sa ido a sake awo ba da jimawa ba, 200 zuwa sama haɗari ne. Ina tsaye ina kallon alƙaluman da ban iya fassarawa ba, gabana na faɗuwa, kuma a wannan lokacin ne na lura da wani abu mai ɗaure kai: na yi watanni ina fafutukar yaron ya samu shiga, alhali shigarsa na nufin yana cikin haɗari.

Bai samu shiga ba. Awonsa ya faɗo ƙasa da 170. Likitan ya ce, "Alhamdu lillahi, Malam, ba ma buƙatarsa." Maman ta fashe da kuka, Anti ta riƙe ta. Aka ba mu sakamakon a rubuce mu kai wa likitarmu, aka ce a riƙa maimaita awon duk shekara, domin shawarar masana ita ce a yi wa masu SS daga shekara 2 zuwa 16. Aka tambaye mu ko mun yarda a ajiye lambar wayarmu don wani bincike nan gaba, wannan ma da takardarsa, muka yarda. Kafin mu fita aka mayar mana da kuɗin mota na ranar tantancewar, ƙayyadadden adadi ne da aka rubuta a takardar yarda, na sa hannu na karɓa. Bai rufe duka ba, tunda mu uku ne ga kuma adaidaita sahu a cikin gari. Awon kai da gwajin jini ba mu biya ko sisi ba. Abin da ya fita daga aljihuna shi ne mota, abinci, kwafin takardu da data, sai ranakun aiki da na nemi izini a makaranta.

Yanzu in iyaye suka tambaye ni, ga yadda nake ce musu. Shafukan nan ga mutumin Zariya sun fi amfani wajen tantancewa da gano inda ake abu, ba wajen shiga ba. Ba a cike fom a cikinsu, babu maɓallin da za ka danna a ɗauke ka. Za su ba ka lamba, sunan asibiti, sharuɗɗa da ranar da aka sabunta bayani, kuma wannan ranar a duba ta, domin abin da aka rubuta ana ɗauka shekara biyu da suka wuce wataƙila an daɗe da rufewa. Ɗauki lambar ka kai wa likitan da ke riƙe da fayil ɗinka. Haka in an tare ka a asibiti an ce ana wani bincike, ka nemi lambar rajista ko lambar izinin kwamitin ɗa'a ka duba da kanka. Wasu ƙananan binciken na tambayoyi, irin na ɗalibai da likitocin da ke horo, ba lallai a same su a rajista ba, amma izinin kwamiti da takardar yarda dole ne. Ni dai ban ga inda aka nemi kuɗin fom ba, kuma duk inda aka haɗa neman kuɗi da gaggawa da alƙawarin warkewa, na daina karantawa daga nan. Kuɗin da za a ba ka ma, in ya yi yawan da zai sa ka rufe ido ga haɗari, abin tambaya ne. Kada kuma a tura hoton katin asibitin yaro ko lambar NIN ga wanda ba a gani ba.

Akwai wani uba a zauren namu da ya ji ina bayanin SPRING, washegari ya ce zai shiga Sabon Gari ya sayo haidiroksiyuriya a kemis ya fara ba 'yarsa. Na roƙe shi kada ya yi. Maganin yana rage ƙwayoyin jini in ya yi yawa, shi ya sa ake lissafa shi da nauyin yaro kuma ake ɗibar jini lokaci-lokaci ana dubawa, kuma yaran da ke cikin binciken duk a ƙarƙashin wannan sa idon suke. Na ba shi lambar binciken a takarda na ce ya nuna wa likitarsu ranar da za su je, ya kuma tambaye ta inda za a yi wa yarinyar awon kai, tunda ita ma shekararta bakwai ba a taɓa yi mata ba.